Saniyar Suna da Kalmomin Haɗi

Juma'a, 8 ga Maris 1974, bayan La'asar, Ɗanzomo

Jiya na nemi izinin hedimasta na je kasuwar Maigatari. Na dawo. Abin da ƙanena Sajo ya faɗa mini a kara, wajen cinikin shanu, a gaban dillalai da 'yan kallo, ba zan rubuta shi duka a nan ba.

Wannan littafi ma ba don irin wannan na saye shi ba. Malam Halliru, abokin aikina a firamaren nan, shi ya ce in tanadi littafin gwajin Turanci, tunda jarrabawar malanta da ta kayar da ni bara za ta sake zagayowa watan gobe a Gumel. Sai na raba shi biyu, gaba na Turanci, baya nawa.

Halliru ya karanta insha'ina ya yi ta dariya. Bamange ne ɗan Gumel, ni kuwa Bafillace, abokan wasa ke nan, don haka bakinsa ba ya hutawa a kaina. Ya ce, "Manu, jimlolinka kamar rugagenku, kowace tana can daji ita kaɗai, ba ta gaisawa da 'yar'uwarta. Abin da ya kayar da kai ke nan. Turanci yana son a ɗaura magana da magana." Na ce to, a koya mini ɗaurin.

Lahadi, 10 ga Maris, da hantsi

Bari dai in rubuta rabin abin, ko zuciyata ta yi sauƙi.

Ruwa bai yi ba bara, bai yi ba bara waccan. Shanunmu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa Sajo, wanda ke riƙe da garke tun rasuwar Baffa, mahaifinmu, ya sayar da wasu tun suna iya tsayuwa da ƙafafunsu. Ya ce su kudu za su yi, har da Inna, mahaifiyarmu. Sannan ya ce tunda sayarwa nake so, zai cire mini Wule daga garke ya aiko mini da ita har ƙofar makaranta, in yi yadda na ga dama da ita.

Wule saniyata ce, ja mai farin goshi. Kakarta Baffa ya nuna ranar sunana ya ce wannan ta yaron nan ce. A wurinmu, muddin saniyarka tana cikin garke, kana cikin ruga ko da kana Makka. Ran da aka ware maka ita aka kora ta ƙofarka, an sallame ka ke nan, sai gaisuwar hanya.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona ta yi mini magana ba. Ban san ko da yawunta Sajo ya yi maganar nan ba. Abin da ke hana ni cin abinci ke nan.

Talata, 12 ga Maris, bayan an tashi makaranta

Mun fara darasi a gindin dalbejiyar ofis. Halliru ya jero mini su a allo: "because", "although", "however", "therefore". Ya ce ta farko tana kawo dalili. Ta biyu tana yarda da abu sannan ta tsallake shi. Ta uku tana juya akalar magana. Ta huɗu kuwa ita ke yanke hukunci, kuma ita ce ya fi ƙauna, shi ya sa 'yan aji shida suke kiransa Malam Diyafo, yadda suke furta kalmar, a bayan idonsa. Ya sani sarai, daɗi ma yake ji.

Na ce ai wannan dangwali ne, doguwar igiyar nan da muke jera maruƙa a jikinta, kowane da madaukinsa. Ya ce, "Ka ji shi! A kai Bafillace London, sai ya tambayi ina ake ɗaure maruƙa." Amma ya yarda haka ne.

Na yi jimla goma, shida sun yi daidai. Kullum ina sa "however" inda ba a gayyace ta ba.

Laraba, 13 ga Maris, da Magariba

Ba a kawo ta ba.

Asabar, 16 ga Maris, bayan Isha'i

Na hau keke na je ruga. Rairayi ya ci ƙarfina, rabin hanyar tura shi na yi. Gawawwakin shanu a gefen hanya sun fi na wancan zuwan, ungulu ma sun ƙoshi sun daina tashi idan mutum ya matso.

Na sami Inna a bayan bukka tana jiƙa wa Wule 'yar dusa. Wule ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Na durƙusa na yi gaisuwa. Inna ba ta waiwayo ba, sai ta shafa wuyan saniyar ta ce, da Fillanci, "Ke Wule, dubi yadda kika koma. Ba a dafa abinci a garin nan da kike zaune ne?"

Haka muke yi tun ina yaro. Na ce, "Wule, ana dafawa, zafi ne ya yi yawa." Ta ce, "Wule, mai yawo a rana ba hula, kansa zai yi ciwo." Na ciro hulata daga aljihu na sa.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Wule, yaushe ne tafiyar?" Inna ta daɗe tana motsa dusa. Can ta ce, "Rijiya ta ƙafe. Hanya da nisa. Wata bai tsaya ba." Daga nan ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga bukka.

Sajo ya dawo daga neman ruwa da La'asar. Tun yana koyon magana Hamma yake ce mini, wato yaya. Yau ya ce, "Malam, an zo lafiya?" Ya dubi Wule ya ce ba za ta iya tafiyar kudu ba, za ta ja wa garke baya, in saurari zuwanta. Inna tana ciki, tabarmar kara ce kawai tsakaninmu, ta ji komai. Ba ta yi ko tari ba.

An ba ni fura ba nono. Ban taɓa shan fura da ruwa zalla a rugarmu ba sai yau.

Litinin, 18 ga Maris, da tsakar rana

Ina cikin aji na ji takun kofato a bayan taga, alli ya faɗi daga hannuna. Jakin mai itace ne. Yara suka yi ta kallona.

Ajin ma ya ragu. Duk mako sai an wayi gari wani benci ya zama fili, iyaye sun kwashi 'ya'yansu sun yi Kano ko wani wuri.

Ba a kawo ta ba.

Laraba, 20 ga Maris, bayan La'asar

Halliru ya ce yau ni zan kawo jimloli biyu daga kaina, in haɗa su da kalmar da ta dace. Na rubuta da Turanci cewa mahaifiyata ta ji. Na rubuta cewa mahaifiyata ta yi shiru. Na tsaya.

Ya ce, "To, ɗaura mana." Na ce ban san wace zan sa ba. In na sa "although", ta ji zafin abin amma ta danne. In na sa "therefore", ta yarda da Sajo ke nan. Ya ce a jarrabawa duk wadda na sa za a ba ni maki, muddin waƙafi yana wurinsa. Na ce ni ba maki nake nema ba.

Ya rufe littafin. Bai tsokane ni ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya aika gidansa aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ya zauna ya tsare ni sai da na ci. Da na gama ya ce, "Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Shawara ka bayar, ba zagi ka yi ba." Can kuma halinsa ya dawo, ya ce ai ba zai bar bawansa ya mutu da yunwa ba, wa zai yi masa kiwo? Na ce Mangawa dai ba su taɓa mallakar ko akuya ba sai da muka ba su.

Na yi dariya. Da ya tafi kuma abin ya dawo ya zauna inda yake.

Alhamis, 21 ga Maris, da yamma

Ranar kasuwar Maigatari. Ban je ba.

Dogo direba, mai motar da ke ɗaukar 'yan kasuwa daga nan, ya tsaya a bakin makaranta ya ce ya ga Sajo a kara. Ya sayar da bijimai biyu, ya sayi kanwa da gero da sabuwar igiya. Dogo ya ɗauka albishir yake yi mini, wai ga shi yaro ya bi shawarata. Ban ji daɗin komai ba. Na san bijiman nan tun suna maruƙa, na san kuma yadda Sajo zai juya baya don kada ya ga an kora su.

Na tambayi Dogo ko ya ga wata ja mai farin goshi. Ya ce shi shanu duk ɗaya suke a idonsa.

Asabar, 23 ga Maris, da hantsi

Ban je ruga ba. In na je kamar na je karɓarta ne.

Yau Halliru ya kawo sabuwa, "meanwhile". Ya ce ita ba ta kawo dalili, ba ta gardama, ba ta yanke hukunci. Aikinta kawai ta ce ana wannan a nan, ana wancan a can, lokaci guda. Na ce wannan ita ce mai hankali a cikinsu. Na cika shafi guda da ita. Malam yana rubutu a allo, can kuwa ana tatsa. Malam yana wanke rigarsa, can kuwa ana kora shanu rijiya. Halliru ya duba ya ce duk daidai ne, sai dai mai gyaran jarrabawa zai gaji da shanu.

Lahadi, 24 ga Maris, da Magariba

Ba a kawo ta ba. Ina jin daɗi, ina kuma jin tsoro.

Talata, 26 ga Maris, bayan Azahar

Jiya da Magariba aka ga watan Mauludi, siriri a kan rufin makaranta. Yara suna ta murna.

Yau ban san abin da ya tuno mini ranar da aka kawo ni boko ba. Dagaci ya ce kowace ruga ta ba da yaro ɗaya, Baffa ya ba da ni. Ina kan jaki a bayan ɗan aiken dagaci, ina ta waige. Inna ba ta fito rakiya ba, ai ba a yi wa ɗan fari haka. Tana can wajen turke, ta ba mu baya, ta riƙe ƙahon kakar Wule tana cewa da ƙarfi, "Ke, yi shiru. Ba a kuka a gaban mutane. Yi shiru mana." Saniyar kuwa tuƙa kawai take yi abinta.

Na haɗiye kukana. Sai da na girma na yi tunanin wataƙila ba ni kaɗai take yi wa faɗan ba.

Ina kewarta. Na rubuta, ga shi nan, ba wanda ya mutu. Ina kewar muryarta tana yi wa saniya faɗa saboda ni.

Alhamis, 28 ga Maris, bayan La'asar

Na ce wa Halliru zan ajiye aikin in bi su. Na iya kiwo, sandata tana nan a bayan ƙofa.

Ya tashi tsaye kamar yana gaban aji. Ya ce, "Ka bi su ka ƙara musu baki ɗaya a kan ƙwarya ɗaya? In shanun suka ƙare a hanya, Allah ya kiyaye, wa zai riƙe tsohuwar in ba mai albashi ba? In ba ka ci jarrabawar nan ba, malamin wucin gadi za ka dawwama, ran da aka ga dama a sallame ka. Diyafo..." Sai ya ji abin da ya fito daga bakinsa, muka dubi juna. Ya ce, "To, ka dai gane."

Na gane. Sajo ma ya faɗi tasa a kara, cewa ran da aka sa Baffa a ƙasa ina Kano ina cika takarda. Saƙo bai iske ni ba sai bayan kwana uku. Sajo ya sani. Na ce ba zan rubuta wannan ba.

Jibi zan je, ko me zai faru.

Asabar, 30 ga Maris, da yamma, Gumel

Na je ruga. Babu kowa.

Bukkoki suna tsaye ba tabarmi, murhun Inna ya yi sanyi, iska ta share sawun shanu. Malam Cindo, manomin da muke zaune a gefen gonarsa tun zamanin Baffa, ya ce sun tashi ranar Talata da asuba, washegarin ganin wata. Ya ce, "Ai na ɗauka ka sani. Mutanenku ba sa ɗaura kaya a watan Safar."

Ta faɗa mini. Rijiya ta ƙafe, hanya da nisa, wata bai tsaya ba. Ta ba ni ranar a hannu, ni kuma ina nan ina kallon watan a kan rufin makaranta ina taya yara murna. Mako uku ina koyon ɗaura maganar Turawa, ta mahaifiyata guda uku ta gagare ni.

Na je turken Wule. Turken yana nan, ba igiya, ba saniya. Na tambayi Malam Cindo ko an bar mini wani abu a wurinsa. Ya ce da farko Sajo ya ce zai bar masa saniya ɗaya ya kai mini Ɗanzomo, amma da gari ya waye bai ga an kawo ba, shi kuma bai tambaya ba.

Ko ta faɗi ne kafin safiya? Ko an sayar wa mahauta? Na bi burtalin da ya yi kudu ina tura keke. Duk gawar da na hango ja ce sai na je na duba goshinta. Ba na son tuna ko nawa na duba.

Dogo ya tsince ni a bakin titi ya ɗora ni da keken zuwa nan. Gobe Gagarawa Tasha, wajen ƙanwata Rabi'atu da ke aure can. Dole ta nan za su tsallake layin dogo.

Lahadi, 31 ga Maris, bayan La'asar, Gagarawa Tasha

Sun wuce jiya da safe. Lokacin da nake tsaye a kan murhun Inna, su suna tsallake layin dogo.

Rabi'atu ta ba ni ruwa, ta ƙi cewa komai sai da na sha. Na ce, "Wule fa?" Ta ce, "Hamma, zauna mana." Na ce ba zan zauna ba.

Ta ce Wule tana raye. Ita ce a ƙarshen garke, tana tafiya tana tsayawa, Inna tana gefenta da ƙafa, ta ƙi hawa takarkari.

Matar Sajo ce ta ba ta labarin. Daren da za su tashi Sajo ya ɗaure Wule daban, don a bar wa Malam Cindo. Da asuba ana ɗaura kaya, Inna ta je ta kwance ta da hannunta ta kora ta cikin shanu. Sajo ya ce, "Inna, ba za ta kai ba. Kuma mai ita ya zaɓi wurin zamansa." Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "In kuka bar ta, da wa zan riƙa magana?"

Rabi'atu ta ce haka aka tashi da ita cikin garke. Da suka iso nan, buhun dusar Wule a kan Sajo yake, shi ya ɗauko shi tun daga ruga.

Na zauna a lokacin.

Na ce zan bi su, ba su yi nisa ba, keke zai cim musu kafin dare. Rabi'atu ta ce in tsaya in ji sauran. Da za su tafi, Inna ta ja Wule har ƙofar gidan nan, ta tsaya inda ta tabbata Rabi'atu tana ji, ta kama kunnen saniyar ta ce, "Ke Wule, mai jarrabawa ya zauna ya yi jarrabawarsa. Kada ya biyo rana. Damina tana zuwa."

Na ce Sajo fa, bai bar saƙo ba? Ta ce ya daɗe yana gyara igiyar da ba ta kwance ba, sannan ya ce, "Ki ce wa... ki ce masa dai mun wuce."

Na fita na tsaya a bakin layin dogo. Sawunsu yana nan a rairayin tsallake, bai goge ba tukuna. Ban tsallaka ba.

Laraba, 3 ga Afrilu, bayan an tashi makaranta, Ɗanzomo

Jakin mai itace ya wuce ta bayan taga. Ban ko ɗaga kai ba.

Halliru ya ce jimlolina sun fara gaisawa da juna.

Litinin, 8 ga Afrilu, da La'asar, Gumel

An yi jarrabawa. Ban san ko na ci ba, sai sakamako ya fito. Na sa "however" sau biyu kacal, kuma ina jin an gayyace ta. Halliru yana jirana a bakin ƙofa da rake, yana tambaya ko na sa tasa. Na ce na sa masa ita a ƙarshe.

Ba labarinsu. Dogo ya ce wasu Fulani sun ce an ga garkuna da yawa sun nufi wajen Birnin Kudu, amma shi shanu duk ɗaya suke a idonsa. Ban san ko Wule tana tsaye ba. Kullum bayan salla ina roƙon Allah ya riƙe ƙafafunta har ruwa ya sauka.

Ina zaune a tashar mota, rana ta karkata. Can kuwa, a wani dajin da ban san sunansa ba, yanzu ne ake jiƙa dusa. Inna ta kama wuyan Wule tana yi mini faɗa, na kuma san faɗan me.

Na ciro hulata na sa.